Darasi na Goma Sha Ɗaya: Daidaita Lambobin Waya da Kalanda Tsakanin Waya da Kwamfutoci

Daidaitawa, a ma'anar da masu aiki da na'urori suke nufi da kalmar, ita ce a sa na'urori biyu ko fiye su riƙa ɗauke da bayani iri ɗaya, ta yadda duk abin da aka ƙara, ko aka gyara, ko aka goge a cikin ɗaya zai bayyana a sauran ba tare da an sake rubuta shi da hannu ba. Wannan darasi ya taƙaita ne a kan bayanai iri biyu waɗanda suka fi saurin sauyawa a rayuwar mai sana'a da ma'aikaci. Na farko shi ne kundin lambobi, wato jerin sunayen mutane tare da lambobin wayarsu da adireshinsu na imel da sauran abin da aka rubuta game da su. Na biyu kuwa ita ce kalanda, wadda a nan ba takardar da ake ratayewa a bango ake nufi ba, manhaja ce da ake rubuta alƙawura da ranakun taro da na biyan bashi a cikinta, ita kuma ta tunatar da mai ita idan lokaci ya yi.

A ƙasar Yauri wannan batu yana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin harkokin yankin sun ginu ne a kan mutanen da ke nesa da juna amma suke dogaro da juna kullum. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya shafe tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka sake wa Gungawa da sauran mazauna bakin kogi matsuguni, kamun kifi da noman albasa da sufurin jirgin ruwa suka bazu a gaɓar da ta taso daga Shanga, ta bi ta Yelwa, ta gangara har Wara a Ngaski. Dillalin kifi da ke Yelwa yana hulɗa da masunta a kan ruwa, da masu banda a bakin gaɓa, da direbobin da ke bin babbar hanyar da ta ratsa Kontagora zuwa kudu ko ta nufi Koko da Jega zuwa Sakkwato, da kuma masu saye waɗanda wataƙila bai taɓa ganin fuskarsu ba. Kafin wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agustan 2001, ana riƙe irin wannan hulɗa ne da ka da kuma ɗan littafin aljihu. Yau duk ta koma cikin waya, ita kuwa waya a bakin ruwa ba ta da tsawon rai, domin tana faɗawa kogi, tana ɓata a kasuwa, caji mara kyau yana ƙona ta. Wanda ya rasa wayar dubu tamanin zai iya sayen wata, amma wanda ya rasa lambobin abokan ciniki ɗari huɗu da ya tara cikin shekara goma ya rasa wani ɓangare na jarinsa.

Wuraren da lamba take zama

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya gane shi ne, lambar da aka adana a waya tana iya zama a ɗaya daga wurare uku, kuma yawancin mutane ba su san inda tasu take ba. Tana iya zama a kan katin sim, wanda aka fi kira layi. Shi kuwa ɗan ƙaramin ma'aji gare shi, galibi bai wuce ɗaukar sunaye 250 ba, kuma suna ɗaya da lamba ɗaya kawai yake riƙewa, har yakan datse sunan idan ya yi tsawo. Idan layin ya ɓata aka je ofis aka yi abin da jama'a ke kira walkam-bak, lambar mutum ce kawai take dawowa, sunayen da ke kan tsohon katin sun tafi tare da shi. Tana iya zama a ƙwaƙwalwar wayar kanta, inda sarari ya fi yawa, amma ranar da wayar ta mutu ita ma ta bi ta. Wuri na uku shi ne asusu, wato rajistar da mutum ya yi da wani kamfani kamar Google ko Apple ko Microsoft, wadda ake shiga da adireshin imel da kalmar sirri. Lambar da aka adana a asusu tana da kwafi a cikin wayar, tana kuma da kwafi a wata babbar kwamfuta ta kamfanin wadda ba a kashe ta dare da rana, ita ce ake kira uwar garke. Daga cikin wuraren nan uku, na ƙarshen ne kaɗai yake shiga daidaitawa. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da Samsung, waɗanda su ne suka cika hannun jama'a, sukan tambayi mai su inda yake so a adana sabon suna, amma da yake tambayar tana zuwa da ƙananan haruffa a saman allo, mutane da dama sun shekara suna zuba sunaye a wurare ukun a gauraye ba su sani ba.

Dalilin da ya sa ake bukatar cibiya ɗaya

A ɗauka cewa sakataren wata ƙungiyar manoman albasa a Birnin Yauri yana da waya a aljihu, da kwamfutar tebur a ofishin ƙungiya, da kwamfutar cinya a gida, sannan ma'ajin ƙungiyar da ke zaune a Yelwa yana da tasa kwamfutar. Na'urori huɗu ke nan. Tsohuwar hanya, wadda aka fara yayinta da na'urar aljihu ta Palm Pilot a 1996, aka kuma ci gaba da ita a zamanin wayoyin Nokia, ita ce a haɗa waya da kwamfuta da kebul, wata manhaja ta gwada abin da ke cikin kowace ta cike giɓin. Wannan yana aiki sosai matuƙar na'urorin biyu ne tak. Da zarar sun kai huɗu, hanyoyin da ke tsakaninsu bibbiyu sun zama shida, idan sun kai biyar sun zama goma, kuma babu wanda zai iya tuna wacce aka haɗa da wacce, ko yaushe. Abin da ya fi muni shi ne sunan da aka goge a waya da gangan, wanda kwamfutar gida ba ta san an goge shi ba, sai ta ɗauka wayar ce ta rasa shi ta mayar mata da shi.

Maganin da aka samo shi ne a daina haɗa na'urori da junansu, kowace ta riƙa magana da uwar garke kaɗai. Ma'abota adashi sun san wannan hikima tun kafin zuwan kwamfuta, domin littafin uwar adashi shi ne hujja, abin da kowane mai zubi ya rubuta a takardarsa tunatarwa ce kawai, kuma idan aka sami saɓani wurinta ake komawa. Haka tsarin yake a nan. Kowane suna da kowane alƙawari yana da wata lambar shaida ta ɓoye wadda babu wani mai irinta, tare da alamar da ke sauyawa duk sanda aka taɓa shi. Idan waya ta sami intanet sai ta tambayi uwar garke abin da ya sauya tun rabuwarsu ta ƙarshe, ta karɓi sababbin gyare-gyare, ta miƙa nata. Da yake abin da ya sauya kaɗai ake aikawa, kuma rubutu ne zalla, datar da daidaitawa take ci ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada da ɗan gajeren bidiyo guda a WhatsApp. Saboda haka masu kashe ta don tsimin data suna tsimi ne a inda babu asara.

Domin na'urorin kamfanoni daban-daban su fahimci juna, an tsara ƙa'idojin bai-ɗaya. Tsarin rubuta bayanin mutum guda a fayil ana kiransa vCard, an fito da shi a tsakiyar shekarun 1990, kuma shi ne fayil ɗin da sunansa ke ƙarewa da haruffan vcf. Takwaransa na kalanda shi ne iCalendar, wanda ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet, IETF, ta wallafa a 1998, fayil ɗinsa kuma yana ƙarewa da ics. Waɗannan biyu suna fayyace siffar bayanin ne kawai. Yadda za a riƙa musayarsa da uwar garke kuwa, CalDAV ce ta fayyace shi ga kalanda a 2007, CardDAV kuma ga kundin lambobi a 2011. Ba dole ne mai karatu ya haddace waɗannan sunaye ba, sai dai zai ci karo da su a saitin iPhone, da manhajar imel ta kyauta mai suna Thunderbird, da kuma DAVx5 wadda ake saka wa wayar Android idan ana so ta yi magana da uwar garken da ba ta Google ba. Amfaninsu shi ne mutum bai zama bawan kamfani ɗaya ba, yana iya kwashe kayansa ya koma wani.

Shirya kundin kafin a kunna daidaitawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar kunna daidaitawa a kan dukkan na'urori rana ɗaya alhali kowace tana ɗauke da nata tsohon jeri, sai a wayi gari suna ɗaya ya fito sau uku ko huɗu. Tsarin da ya fi lafiya shi ne a fara zaɓen asusu ɗaya a tsaya a kansa. Ga mai wayar Android asusun Google ne ya fi sauƙi, tunda wayar ta riga ta nemi shi tun ranar da aka kunna ta, kuma ana iya saka shi a iPhone ma, ana kuma buɗe shi a kowace kwamfuta ta burauza ba tare da an girka komai ba. Bayan haka sai a fitar da duk sunayen da ke waya zuwa fayil ɗin vcf a ajiye shi a fulash, a kwaso na kan layi da na ƙwaƙwalwar waya a mayar da su asusun, a yi amfani da umarnin haɗe masu maimaici, sannan a sa asusun ya zama wurin da sabon suna zai riƙa faɗawa kai tsaye. Sai an ga kundin ya tsabtata ne ake shigar da kwamfutoci, ɗaya bayan ɗaya. Umarnin haɗe masu maimaici yana bukatar ido, musamman a ƙasar Hausa inda mutum zai iya sanin Muhammadu Sani biyar da Abubakar Yauri uku. Ya kamata a duba kowace shawara da na'urar ta kawo, kuma a riƙa ƙara wa suna sana'a ko gari, kamar mai banda, ko direban jirgi, ko Wara, yadda dai ake bambance mutane a baki.

Yadda ake rubuta lambar kanta ma yana da muhimmanci. Lambar da aka fara da sifili tana aiki ne a cikin Nijeriya kawai, amma wadda aka rubuta da alamar tarawa da 234, aka jefar da sifilin farko, tana aiki a ko'ina, kuma na'urori sun fi saurin gane cewa mutum ɗaya ne. Jihar Kebbi, inda Yauri take, ta yi iyaka da Nijar mai lamba 227 da Benin mai lamba 229, kuma 'yan kasuwar da ke hulɗa da Benin sun ga amfanin kundi ɗaya a ƙarshen Nuwamban 2024, lokacin da ƙasar ta mayar da lambobinta daga takwas zuwa goma ta hanyar ƙara 01 a gabansu. Mai daidaitaccen kundi ya gyara sau ɗaya a kwamfuta ya huta, mai kundi huɗu kuwa sai da ya bi su ɗaya-ɗaya.

Akwai tarko biyu da ke jiran wanda ya fitar da kundinsa a tsarin CSV, wato fayil mai layi-layi da ake buɗewa da Excel. Na farko, manhajar tana ɗaukar lambar waya a matsayin adadin lissafi, don haka takan cire sifilin farko, wani lokaci ma ta taƙaice doguwar lamba zuwa wata siffa da ba ta kiruwa. Na biyun ya shafi haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda sukan rikiɗe su zama alamar tambaya idan ba a adana fayil ɗin a tsarin haruffa na UTF-8 ba, sai Ɗanladi ko Ƙasimu ya ɓace daga bincike alhali yana nan. Fayil ɗin vcf da aka fitar daga asusu ya fi tsira daga matsalolin biyu.

Kalanda da sha'anin lokaci

Asusu ɗaya yana iya ɗaukar kalanda da yawa, kowace da launinta, kuma wannan shi ne abin da ya sa ta dace da aikin ƙungiya. Sakataren da aka ambata zai iya buɗe ɗaya don harkokin gidansa, ya buɗe wata don ƙungiya inda zai rubuta ranar taro, da ranar karɓar taki, da ranar da motar albasa za ta tashi, ya ba ma'aji izinin gyara ta, ya ba sauran shugabanni izinin gani kawai. Ba a bukatar kowa ya san kalmar sirrin wani. Abin da ke maimaituwa, kamar cin kasuwar mako ko zubin ƙarshen wata, sau ɗaya ake rubuta shi a gaya wa manhajar yadda yake zagayowa.

Wahalar kalanda tana cikin agogo. Kowane alƙawari ana adana shi tare da yankin lokacinsa, kuma Nijeriya da Nijar da Benin duk suna gaba da agogon Girinwic da awa ɗaya, ba sa kuma sauya agogo a shekara. Kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka sukan zo da saitin ƙasar da suka fito, mai sayen kuma sai ya gyara agogon da hannu ya bar yankin lokacin yadda yake, agogo ya nuna daidai a fuska amma lissafin ciki ya karkace. Sakamakon shi ne taron ƙarfe goma da aka rubuta a kwamfuta ya fito a waya da wani lokaci dabam. Saitin Ingila ya fi rikitarwa, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonta ɗaya ne da na Nijeriya, sai a ɗauka komai lafiya, da lokacin sanyinsu ya shigo kuma sai ta koma baya da awa ɗaya. Maniyyaci ma ya kamata ya san cewa Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu, saboda haka alƙawuran gida za su matsa a allon wayarsa idan ya sauka can, kuma hakan daidai ne, ba lalacewa ba ce.

Sai kuma batun watannin Musulunci, wanda masu ƙera manhajoji ba su ba shi kulawar da ta kamata ba. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da kwana goma zuwa goma sha biyu, don haka a mafi yawan manhajoji abin da aka ce wa kalanda ta maimaita shi kowace shekara za ta bi lissafin Miladiyya ne, ranar fitar da zakka ko ta Mauludi ta kauce wa mazauninta tun a zagayen farko. Kwanan watan Hijira da waya take nunawa kuma lissafi ne aka yi tun da wuri, galibi bisa kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, alhali a Nijeriya ana jiran sanarwar ganin wata daga Mai Alfarma Sarkin Musulmi, kuma ana iya samun saɓanin kwana ɗaya. Abin da ya dace shi ne a rubuta irin waɗannan ranaku da hannu kowace shekara a matsayin hasashe, a gyara bayan sanarwa, gyaran kuma zai isa sauran na'urori da kansa.

Abin da daidaitawa ba ta yi

Daidaitawa ba ajiyar ko-ta-kwana ba ce, kuma rashin gane wannan ya jawo asara mai yawa. Aikinta shi ne ta mayar da na'urori iri ɗaya, ba ruwanta da ko gyaran da aka yi alheri ne ko ɓarna. Idan yaro ya ɗauki waya ya goge sunaye ɗari, cikin 'yan mintoci za su ɓace a ofis da gida gaba ɗaya. Haka ma wanda zai sayar da tsohuwar wayarsa, idan ya bi sunayen yana gogewa alhali asusun yana ciki, kundinsa na asali yake sharewa. Abin da ake yi shi ne a fara cire asusun, sannan a wanke wayar. Google yana riƙe abin da aka goge na kwana 30, kuma yana ba da damar mayar da kundi yadda yake a wata rana cikin wannan wa'adi, bayan nan kuwa sai fayil ɗin da aka ajiye a fulash, wanda ya kamata a riƙa sabunta shi duk bayan 'yan watanni.

Tambayar da ta fi kowace girma ita ce wane ne mai asusun. An saba a sayi waya a miƙa wa mai shago ko mai caji ya buɗe imel ya saita komai, mai wayar ya tafi bai san adireshin ba balle kalmar sirri, har sai ranar da wayar ta salwanta ya gano cewa sunayensa suna nan lafiya a wani ɗaki da ba shi da mabuɗinsa. Wajibi ne mutum ya san adireshinsa, ya zaɓi kalmar sirrinsa da kansa, ya rubuta su a takarda ya adana tare da muhimman takardunsa, ya kuma tabbata lambar da aka saka don farfaɗo da asusun tasa ce, tana aiki, an kuma haɗa ta da lambarsa ta NIN kamar yadda hukuma ta wajabta tun Disambar 2020. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani, saƙon farfaɗo da asusu kuma ya koma hannun baƙo. Shi ma Google, tun Disambar 2023, yana iya rufe asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Ƙungiya ko makaranta kuwa gara ta buɗe asusu da sunanta, domin kundin da ke asusun sakatare zai bi sakatare ranar da aka yi sabon zaɓe. Kwamfutar shagon buga takardu ko ta ofis da mutane da yawa ke taɓawa ba wurin barin asusu a buɗe ba ce. A shiga ta burauza, a gama, a fita.

Kundin lambobi amana ce ta mutanen da ke cikinsa, tunda babu wanda ya ba da lambarsa don a raba wa duniya. Wasu manhajojin ba da rance ta waya sun yi ƙaurin suna a Nijeriya wajen kwashe kundin wanda ya ci bashi su riƙa aika wa danginsa da surukansa saƙon tozarci, har Google ya hana irin waɗannan manhajoji neman izinin shiga kundi a 2023, shekarar da aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya a watan Yuni. Duk manhajar da ta nemi ganin lambobi alhali aikinta bai shafi kira ko saƙo ba, a hana ta.

Rashin sabis a kan tafki ko a ƙauyukan da ke nesa da titi ba ya hana aiki, domin waya tana riƙe gyaran har ta sami hanya ta miƙa shi. Inda ake samun tangarɗa shi ne idan mutum biyu suka gyara abu ɗaya kafin ɗayansu ya haɗu da uwar garke, misali sakatare yana cikin jirgi ya matsar da taro zuwa Laraba, ma'aji a Yelwa ya matsar da shi zuwa Alhamis. Wannan shi ake kira karo, kuma a mafi yawan tsare-tsare gyara ɗaya ne zai tsaya, ɗayan ya faɗi ba tare da an sanar da kowa ba. Na'ura ba ta san wanda ya fi gaskiya ba, saboda haka ƙungiya ce za ta yanke tun farko wanda ke da hurumin taɓa ranakun taro.

Aikin gwaji

Kowane ɗalibi zai ƙirƙiri suna na ƙarya mai ɗauke da ɗaya daga haruffa masu lanƙwasa, ya adana shi a asusunsa ta waya da lambar da ta fara da alamar tarawa da 234, sannan ya nemo shi a kwamfutar aji ta burauza, ya sauya harafi ɗaya a can, ya duba tsawon lokacin da gyaran zai ɗauka kafin ya iso wayar. Daga nan zai kashe data, ya goge sunan a waya, ya lura cewa yana nan a kwamfuta, ya kunna data ya ga ɓacewarsa, sannan ya shiga kwandon shara na asusun ya dawo da shi. Wanda sunan bai bayyana masa a kwamfuta ba tun farko, sai ya koma ya duba ko a kan layi ya adana shi, kuma kada kowa ya tashi daga gaban kwamfutar sai malami ya ga ya fita daga asusunsa.